Filin Tambaya da Amsa: Na nuna wa masu albasa zanen farashi, sun ce "haka ne" sun yi shiru

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ɗaliba ce mai karatun digiri na biyu a fannin nazarin zamantakewa, kuma ina bincike a kan yadda manoman albasa da dillalanta a Garwa ta arewacin Kamaru da ƙauyukan kewaye suke fama da hawa da saukar farashi. Na yi shekara 2 ina rubuta kuɗin buhu a kasuwa kowane mako, sannan na zuba alƙaluman a kwamfuta ta fitar mini da zane mai layi, wanda yake nuna watannin da albasa ta yi tsada da waɗanda ta karye. Malamin da ke duba aikina ya ba ni shawarar in riƙa nuna wa mutanen wannan zane a lokacin hira domin su fassara shi da bakinsu. Na gwada da mutum 6, kuma kowannensu ya dubi takardar, ya ce "haka ne, Malama", ya miƙo mini abata, alhali kafin in fito da ita hira tana tafiya lafiya. Shin zanen ne bai yi ba, ko kuwa dabarar ce ba ta dace da mutanen da ba su yi karatun boko ba?

Wata ɗaliba, daga Garwa

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya ba da sa'ar karatu. Shawarar malaminki mai kyau ce, kuma ina roƙonki da ki cire wa ranki zaton cewa dabarar ta fi ƙarfin wanda bai yi boko ba, domin dillalin da zai iya gaya miki kuɗin buhu a kakar bara da ta bara waccan ba tare da ya duba takarda ba ya fi ni da ke sanin abin da wannan layi yake ƙoƙarin faɗa. Abin da ya kamata mu tsaya a kansa shi ne ma'anar "haka ne" ɗin da aka ba ki. A wurinmu, dattijo ba ya ƙaryata baƙo a fuska, ballantana 'ya mace mai neman ilimi da ta zo masa da ladabi. Ga shi kuma takardar da kika miƙa masa bugun kwamfuta ce, da rubutun Faransanci a jikinta, irin takardun da ya saba karɓa daga hannun hukuma, waɗanda ba a tambayarsa ra'ayinsa a kansu. Idan bai gane yadda ake karanta ta ba, ba zai so ya nuna hakan a gaban sa'ar 'yarsa ba. Idan kuma ya gane ya ga kuskure, kara za ta hana shi faɗa. Ta kowace fuska, "haka ne" ita ce amsar da ta fi kare mutuncinsa da naki.

Ki tuna kuma cewa karanta irin wannan zane abu ne da ake koya, kamar yadda ake koyon baƙaƙe da wasula. Wani mutumin Sikotilan mai suna William Playfair ne ya fara buga zanen sanduna a 1786, ya kuma fito da zanen da'ira mai yanka-yanka a 1801, kuma a zamaninsa sai da ya yi wa masu karatu bayanin yadda za su duba su. Cewa lokaci yana tafiya daga hagu zuwa dama, cewa sama tana nufin yawa, duk yarjejeniya ce ta waɗanda suka zauna a aji. Mutumin da ya yi karatun allo, idonsa ya saba farawa daga dama, yana iya bin layinki daga ƙarshe zuwa farko, ya ga albasa tana sauka a inda kike nufin tana hawa, ya ce a ransa yarinyar nan ba ta san kasuwa ba, sannan ya ce miki "haka ne".

Shawarata ta farko ita ce ki canza tsarin zaman, takardarki ta zama abu na ƙarshe da zai fito. Ki fara da hira kamar yadda kika saba, ki bar shi ya ba ki labarin shekararsa tun daga rainon iri har ranar da aka loda buhu a mota. Bayan nan ki roƙe shi ya nuna miki shekarar a ƙasa. Ki ja layi a kan rairayi ko ki shimfiɗa tabarma, ya raba ta da kansa zuwa lokutan da ya sani, damina da kaka da ɗari da bazara, ko ma ya ƙara rarrabawa yadda ya ga dama, sannan ki ba shi tsakuwa ko ƙwayar masara ya tara a kowane gurbi gwargwadon tsadar albasa a lokacin. Wannan ba sabuwar dabara ba ce. Robert Chambers na cibiyar nazarin ci gaba da ke Sussex a Ingila da abokan aikinsa sun yaɗa ta tun ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990, musamman daga ayyukan da aka yi a Indiya da Kenya, kuma a ƙasashenmu masu amfani da Faransanci ma'aikatan raya karkara sun san ta da sunan MARP. Jigonta shi ne mai bincike ya miƙa sandar nuni ga mutanen gari, ya koma gefe yana saurare. Amfaninta a gare ki shi ne, wanda ya tara tsakuwa da hannunsa ya riga ya yi zanen alƙaluma, ya kuma san cewa tudu yana nufin tsada. Sai ki ɗauki hoton abin da ya yi da wayarki bayan ya ba ki izini, sannan ki fito da naki ki ajiye kusa da nasa. A wannan lokaci ba jarrabawa kika kawo masa ba, zane biyu ne a gaban mutum biyu, kuma duk inda suka saɓa akwai magana.

Shi kansa zanen naki yana bukatar gyara kafin ya koma fili, kuma a nan nake so in daɗe, domin ƙananan abubuwa ne suke rufe bakin mutane. Abu na farko shi ne kuɗi. Na tabbata kin rubuta farashi da sefa kamar yadda ake rubutawa a makaranta, alhali a kasuwa da dala ake lissafi, kuma dala ɗaya sefa 5 ce. Wanda ya ce miki "ɗari" yana nufin abin da ke za ki rubuta 500, kamar yadda a Chadi mai ƙirga da riyal yake nufi. Idan ya ga 20,000 a takardarki, sai ya tsaya ya juya shi zuwa jaka 20, ko boro 20 idan da Fulatanci yake lissafi, kafin ya san ko ya yarda, kuma ba kowa ne zai yi wannan wahala domin baƙuwa ba. Ki rubuta masa da ƙirgar da bakinsa ya saba. Na biyu shi ne watanni. Manomi yana auna shekara da ruwa da girbi, ɗan kasuwa kuma yana ƙarawa da azumi da sallah ƙarama da layya, waɗanda suke matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara saboda shekarar Hijira ta fi ta Miladiyya gajarta. Idan kika sa alamar jinjirin wata a inda azumi ya faɗo a kowace shekara daga cikin biyun, kika sa alamar ruwa a kan watannin damina, za ki ga ido ya sami abin kamawa. Na uku shi ne buhu. Buhun albasa ba ma'auni ne tsayayye ba. Akwai wanda aka ɗaure a baki, akwai wanda aka cika har aka ɗinka masa ƙari a sama, kuma sau da yawa lokacin da kaya suka yi yawa ne mai saye yake tilasta a ƙara cikawa. Saboda haka layinki yana iya nuna farashi bai motsa ba, alhali manomi yana ba da albasa mafi yawa a kan kuɗi ɗaya. Wannan abu alƙaluma ba za su gaya miki ba, sai wanda ya ɗinka buhun.

Game da siffar zanen, ki fifita sanduna a kan layi mai lanƙwasa, domin sanda tana kama da tarin tsakuwar da ya yi, kuma ki guji da'ira mai yanka-yanka idan kina so a kwatanta yawa. Binciken da William Cleveland da Robert McGill suka buga a 1984 ya nuna cewa mutane sun fi ƙiyasta tsawon abubuwan da suka tashi daga tushe ɗaya daidai fiye da yadda suke ƙiyasta kusurwa ko faɗin fili. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai a ba shi abin da zai iya kimantawa. Ni a ganina ma, gara ki kwafe zanen da hannunki a kan babbar takarda da fensir, domin abin da aka zana da hannu yana nuna cewa mutum ne ya yi shi kuma ana iya gogewa.

Sai kuma lafazin tambaya. Kada ki ce "Baba, ka gane?", domin babu dattijon da zai ce a'a. Kada kuma ki ce "daidai ne?", domin kin riga kin gaya masa amsar da kike so. Ki ce masa, "Baba, ni na zana wannan daga abin da na ji a kasuwa, kuma na san akwai inda na kuskure tun da ba sana'ata ba ce, don Allah a nuna mini." Sannan ki ba shi fensirin a hannunsa. Ki ɗora yatsa a kan wuri guda ki ce, "A wannan mako kaya sun karye ƙwarai, me ya faru a kasuwa?" Wata dabara mai kyau ita ce ki rufe rabin zanen da wata takarda, ki tambaye shi abin da yake tsammanin zai biyo baya, sannan ki buɗe, idan ya dace zai yi murmushi ya ci gaba da bayani, idan bai dace ba zai nemi dalili da kansa, kuma neman dalilin nan shi ne abin da kika zo ɗauka. Idan ya yi shiru yana kallo, ki bar shi, kada ki yi gaggawar cike shirun da bayaninki.

Idan bakinsa ya buɗe, mai yiwuwa ki ji cewa kuɗin da kika rubuta na kasuwa ne, shi kuwa abin da ya shiga aljihunsa ya ragu da la'adar dillali da kuɗin dako da na buhu. Mai yiwuwa ki ji cewa watan da zanenki ya nuna albasa ta yi daraja shi ne watan da ba shi da ko ƙwaya, domin ya sayar tun a gona saboda bashin taki da man injin ban ruwa, ko kuma wadda ya ajiye ta ruɓe da shigowar damina. Wani zai danganta karyewar wani mako da rashin zuwan manyan motocin da ke kai kaya Yawunde da Duwala, wani ya danganta ta da lalacewar hanya tsakanin Garwa da Ngaundare, wani kuma da canjin naira. Kada ki ɗauki ko ɗaya daga cikin waɗannan a matsayin hukunci, amma ki rubuta su duka, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma tudun da ke cikin zanenki yana iya zama riba ga dillali, ya zama baƙin ciki ga manomi.

Akwai haɗari guda da nake so ki kiyaye, kuma shi ya sa na dage a kan takarda ta fito daga baya. Zane yana da ƙarfin sa wa mutum magana a baki. Wanda ya ga layi ya hau zai nemo masa dalili ko da bai taɓa lura da hawan ba a rayuwarsa. Tun a 1957 John Collier ya nuna cewa sanya hoto a tsakanin mai tambaya da mai amsa yana tsawaita hira ya kuma tsayar da ita a kan batu, amma abin da ke tsayar da hira a kan batu yana iya hana ta zuwa inda mai amsa ya so kai ta. Saboda haka a cikin rubutunki ki rarrabe abin da mutum ya faɗa kafin ya ga zane da abin da ya faɗa bayan ya gani, kuma ki gaya wa mai karatu wanne ne wanne. Ki tanadi kwafi sabo ga kowane mutum domin kada gyaran na farko ya ja na biyu. Ki sa lamba a kan kowace sanda, kuma idan ya ce "a nan ne muka sha wuya", ki maimaita da ƙarfi, "wato a sanda ta 7", domin rakoda ba ta ganin yatsa, kuma bayan wata 3 ba za ki tuna inda "nan" take ba. Idan da tafinta kike aiki saboda wasu sun fi sakewa da Fulatanci, ki zauna da shi tun kafin ku fita, ki hana shi yi wa mutane fassarar zanen da ra'ayinsa. Mata masu sayar da albasa kashi-kashi kuma ki gan su su kaɗai, domin a gaban manyan dillalai ba za su ɗauki fensir ba.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ina aiki da wata ƙungiyar agaji a Injamena, kuma bayan ambaliyar da aka yi mun haɗa taswirar wata unguwa, muka sa ɗigo a kan kowane gidan da aka sami mai gudawa da amai. Muna so mu nuna wa mazauna unguwar a lokacin hira domin su taimaka mana gane dalilin da ya sa ɗigon ya taru a wasu lunguna. Wani abokin aikina ya ce hakan bai dace ba. Mene ne ra'ayinka?

Wani ma'aikacin agaji, daga Injamena

AMSA: Barka kadai, ɗan'uwa. Niyyarku tana da tushe mai ƙarfi a tarihin aikin lafiya. Lokacin da kwalara ta ɓarke a unguwar Soho ta Landan a 1854 ta kashe fiye da mutum 600, likita John Snow ya sa alamar mamata a taswira, aka ga sun taru kewaye da famfon titin Broad. Amma akwai wuraren da taswirar ba ta iya bayyanawa da kanta: wata masana'anta da wani gidan gajiyayyu suna kusa da famfon, cutar kuwa ba ta yi musu ɓarna kamar maƙwabtansu ba, sannan wata gwauruwa da ke zaune nesa a Hampstead ta mutu. Tambayar mutane ce ta nuna cewa wuraren nan biyu suna da rijiyarsu, ita kuma matar ana kai mata ruwan wannan famfo har gida saboda tana son ɗanɗanonsa. Wani limamin cocin unguwar, Henry Whitehead, wanda ya san gidajen ɗaya bayan ɗaya, ya bi su yana tambaya, kuma aikinsa ya ƙarfafa hujjar. Haka mazauna bakin kogunan Shari da Logon, waɗanda suka ga ambaliyar 2022 da ta 2024 da idonsu, sun san wace rijiya ruwa ya shafe, wane masai ya fashe, da kuma wurin da masu tura ruwa suke ɗebowa.

Duk da haka abokin aikinka yana da gaskiya game da taswirar a yadda take yanzu. A unguwar da kowa ya san ƙofar kowa, ɗigo a kan gida daidai yake da rubuta sunan mai gidan, kuma mutanen da suka gaya muku ciwonsu sun gaya wa ma'aikatan lafiya ne, ba su ba ku izinin sanar da maƙwabta ba. Ana iya ƙaurace wa mai sayar da abinci saboda wannan ɗigo, ana iya cewa wata ƙabila ko wasu baƙi ne suka kawo cutar idan ɗigon ya taru a lungunsu. Ku sake taswirar, ku haɗa gidaje zuwa manyan yankuna, ku nuna yawa da duhun launi, kuma duk yankin da masu ciwon ba su fi 2 ko 3 ba ku haɗe shi da na kusa da shi. Mafi kyau ma, ku fara da taswirar da babu ciwo a kanta, mutane su sa muku rijiyoyi da famfuna da kwatoci da inda ruwa ya kwanta, ku kuwa ku kwatanta da taku a ofis. Kada ku bar kwafi a hannun kowa, kada kuma ku yarda a ɗauki hotonta da waya, domin abin da ya shiga WhatsApp ba ya dawowa. Ku sanar da mai unguwa kafin ku fara, amma hirar kanta ku yi ta ba a gabansa ba.

TAMBAYA: Malam, na nuna wa manoman masakwa, wato dawar rani, a kusa da Marwa zanen ruwan sama na shekaru 10, sai suka ce wata shekara da zanen ya nuna an sami ruwa sosai ita ce mafi muni a wurinsu. In gyara zanen ne ya dace da maganarsu?

Wani ɗalibi, daga Marwa

AMSA: A'a, ɗana, kada ka taɓa alƙaluman, kada kuma ka jefar da maganarsu. Ka fara duba ko ka yi kuskuren kwafi, sannan ka duba nisan ma'aunin ruwan da gonakinsu, domin ruwan yankinmu yana iya sauka a wannan gari ya tsallake na gaba. Idan duka biyun lafiya suke, to mai yiwuwa jimillar shekara ce ta ɓoye abin da suke nufi. Masakwa ana dasa ta ne a karal, wato ƙasar yumɓu mai riƙe ruwa, bayan ɗaukewar ruwa, wajen Satumba da Oktoba, ta rayu da danshin da yumɓu ya riƙe har girbi a farkon sabuwar shekara, saboda haka ruwan da ya zuba da yawa a farkon damina ya ɗauke da wuri yana iya cika ma'auni ya bar karal a bushe. Wataƙila kuma tsuntsaye ko tsutsa suke nufi, ba ruwa ba. Ka sake zana wannan shekara kaɗai, kowace sanda ta wakilci kwana 10, ka koma wurin mutanen nan ɗaya bayan ɗaya, ka roƙe su su nuna maka makon da suka yi dashe da makon da suka fara ganin alamar asara. A cikin kundinka ka buga zanen farko yadda yake, ka buga na biyu a ƙarƙashinsa, sannan ka kawo maganarsu da lafazinsu tare da ranar da aka yi kowace hira.